TUN RAN GINI TUN RAN ZANE: Yadda Ra'ayin Jama'a Ke Gyara Ƙa'idojin Gwamnati

Gabatarwa

Kusan kowace harka ta zaman yau da kullum tana da ƙa'idar gwamnati da ke tafiyar da ita. Kuɗin kiran waya, da kuɗin wutar lantarki, da abin da ake rubutawa a jikin kwalbar magani, da yawan kuɗin da mutum zai iya fitarwa daga banki a mako, duk wata hukuma ce ta zauna ta tsara su. Mutane da yawa ba su jin labarin irin waɗannan ƙa'idoji sai ranar da suka fara aiki, sa'an nan a shiga gunaguni a kasuwa da tasha da majalisar ƙofar gida. Wannan shi ne ihu bayan hari.

Manufar wannan ɗan littafi ita ce a bayyana wa jama'a cewa akwai lokacin da maganar ɗan ƙasa take da nauyi sosai, watau tun ƙa'ida tana matsayin shawara, kafin a sa mata hannu. Za a nuna yadda ake tsara ƙa'ida, da abin da dokokin Nijeriya suka tanada game da jin ra'ayin jama'a, da kuma irin ra'ayin da ke sa hukuma ta sake tunani.

Bambancin doka da ƙa'ida

Tsarin Mulkin 1999 ya danƙa ikon yin dokokin Tarayya a hannun Majalisar Dokoki ta Ƙasa, watau Majalisar Dattawa da Majalisar Wakilai. Amma majalisa ba ta da lokaci ko ƙwarewar da za ta bi kowane ƙaramin al'amari filla-filla. Saboda haka takan kafa ginshiƙin doka, sa'an nan ta ba wa minista ko wata hukuma ikon fitar da ƙa'idojin da za a bi wajen aiwatar da ita. Doka ita ce uwa, ƙa'ida kuwa 'ya ce. Ƙa'ida ba ta da ikon ƙetare iyakar da uwarta ta shata mata. Idan ta ƙetare, kotu na iya rushe ta. Amma muddin tana cikin iyaka, kuma an buga ta a jaridar gwamnati da ake kira Gazet, to, ta hau kan kowa kamar yadda doka take hawa.

Har ila yau, sashe na 14 na Tsarin Mulki ya bayyana cewa mulki na jama'a ne, kuma wajibi ne a tabbatar da shigarsu cikin sha'anin gwamnatinsu. Jefa ƙuri'a sau ɗaya cikin shekara huɗu hanya ɗaya ce ta wannan shiga. Ba da ra'ayi kan daftarin ƙa'ida hanya ce ta biyu, kuma ƙofarta takan buɗe sau da yawa a cikin shekara.

Neman shawarar jama'a ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. A watan Oktoba na 1975 Janar Murtala Muhammed ya ƙaddamar da kwamitin rubuta tsarin mulki a ƙarƙashin Cif Rotimi Williams. Kwamitin ya karɓi takardun ra'ayi daga jama'a, kuma da ya miƙa daftarinsa a 1976 sai aka baza shi aka yi ta muhawara a jaridu da rediyo da tarurruka, kafin Majalisar Tsara Mulki ta zauna a 1977. Abin da aka yi wa babbar dokar ƙasa a wancan lokaci, shi ne wasu dokoki suka wajabta a yi wa ƙananan ƙa'idoji a yau.

Matakan da ƙa'ida ke bi

Ko da yake kowace hukuma tana da tsarinta, galibi ƙa'ida takan bi matakai biyar.

Na farko, gano matsala. Ƙorafin jama'a ya yi yawa, ko sabuwar fasaha ta shigo, ko majalisa ta yi sabuwar doka da ke bukatar ƙa'idojin aiwatarwa.

Na biyu, takardar neman shawara. A nan hukuma ba ta riga ta yanke komai ba. Takan bayyana matsalar, ta jera hanyoyin da take ganin za a iya bi, sa'an nan ta yi tambayoyi.

Na uku, daftari. Ma'aikata da lauyoyin hukuma sun zaɓi hanya ɗaya, sun rubuta ta sashe-sashe, an buga domin jama'a su duba.

Na huɗu, zaman jin ra'ayin jama'a, inda waɗanda suka aiko da takardu da sauran masu sha'awa ke bayyana matsayinsu baki da baki.

Na biyar, gyara na ƙarshe, da sa hannu, da bugawa a Gazet.

Mataki na biyu da farkon na uku su ne ake nufi da matakin farko a cikin wannan darasi, kuma a nan ne ra'ayi ya fi tasiri.

Me ya sa matakin farko ya fi muhimmanci?

Akwai dalilai uku.

Dalili na ɗaya shi ne, a wannan lokaci hukuma tana neman ilmi ne. Jami'in da ke ofis a Abuja yana iya sanin doka ciki da waje, amma bai san nisan da ke tsakanin wani ƙauye da bankin da ya fi kusa da shi ba, bai kuma san yadda ciniki ke gudana ran kasuwar dabbobi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Bayanin da ya iso kafin a zaɓi hanya yana iya sauya hanyar gaba ɗaya.

Dalili na biyu, da zarar an rubuta cikakken daftari, an riga an kashe watanni ana aiki. An yi lissafi, an tuntuɓi lauyoyi, shugabannin hukuma sun amince. Kowane sashe ya jingina da wani, ta yadda in an zare ɗaya sai sauran su girgiza. A wannan mataki hukuma takan yarda ta gyara adadi, ko ta ƙara wa'adi, ko ta sassauta wa wani rukuni, amma da wuya ta rushe ginin ta sake sabo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Dalili na uku, tambayar da aka fara yi ita ke shata iyakar amsa. Idan tun farko aka ɗauki matsala a matsayin ta manyan kamfanoni kaɗai, to, duk abin da zai biyo baya za a auna shi ne da ma'aunin manyan kamfanoni. Ƙaramin ɗan kasuwa da bai yi magana a lokacin ba zai tarar an ɗinka masa rigar da ba da shi aka gwada ba.

Abin da dokokin Nijeriya suka tanada

Wajabcin jin ra'ayin jama'a a Nijeriya yana cikin dokokin da suka kafa hukumomi ne, ɗaya bayan ɗaya. Ga misalai biyu.

Dokar Sadarwa ta Nijeriya ta 2003 ta ba wa Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NCC, ikon yin ƙa'idoji a sashe na 70. Sashe na 71 kuma ya ɗaure wannan iko da sharaɗi: kafin hukumar ta fitar da ƙa'ida, lalle ne ta gudanar da bincike a kan al'amarin, ta kuma yi la'akari da abin da binciken ya gano. Idan binciken na bainar jama'a ne, sai an buga sanarwa da ke bayyana abin da za a tattauna, a ba mutane wa'adin da bai gaza kwana 21 ba domin su aiko da ra'ayinsu, daga baya kuma hukumar ta buga rahoton abin da ta gano.

Dokar Masana'antar Man Fetur, wadda aka sa wa hannu a watan Agusta na 2021, ta kafa hukumomi biyu: ɗaya mai kula da haƙar mai, ɗaya mai kula da tacewa da sufuri da sayarwa. Sashe na 216 ya wajabta musu tuntuɓar waɗanda abin ya shafa kafin su kammala kowace ƙa'ida ko gyaranta, tare da buga sanarwa a jaridun ƙasa da shafinsu na intanet. Dokar ta yarda a fitar da ƙa'ida ba tare da shawara ba idan akwai gaggawa, amma irin wannan ƙa'ida ta wucin gadi ce. Ba ta ɗorewa sai an koma an yi shawarar.

Ban da waɗannan, Hukumar Kula da Wutar Lantarki takan fitar da takardun neman shawara, ta kuma kira zaman jin ra'ayi a kan kuɗin wuta. Babban Bankin Nijeriya da hukumar NAFDAC mai kula da abinci da magunguna su ma sukan buga daftarin ƙa'idojinsu domin a yi sharhi. Sa'an nan Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane mutum damar neman takardun hukuma a rubuce, kuma ta sa wa hukuma wa'adin kwana 7 ta amsa. Wanda ke shirya ra'ayi yana iya amfani da wannan dama ya nemi alƙaluman da hukuma ta dogara da su.

Abin da kan faru idan shawara ta makara

Misalai biyu sun isa su nuna tsadar jin ra'ayi bayan an yanke hukunci.

A ƙarshen 2016 hukumar NCC ta umarci manyan kamfanonin waya da kada su sayar da data ƙasa da wani farashi da ta ƙayyade, daga ranar 1 ga Disamba. Manufarta ita ce ta kare ƙananan kamfanoni daga karya farashi. Amma masu amfani da waya suka ga cewa sakamakon shi ne tsadar data, aka yi ca a kai, har Majalisar Dattawa ta sa baki. Ana gobe umarnin zai fara aiki hukumar ta dakatar da shi, ta ce za ta ƙara tuntuɓa.

Ranar 6 ga Disamba, 2022, Babban Banki ya ba da sanarwar cewa mutum ɗaya ba zai fitar da tsabar kuɗi fiye da naira 100,000 a mako ba, kamfani kuwa naira 500,000. Nan da nan 'yan kasuwa, da masu sana'ar ba da kuɗi ta na'urar POS, da 'yan majalisa suka nuna cewa mutanen karkara, inda babu banki kuma layin waya ba shi da ƙarfi, ba za su iya ciniki a haka ba. Ranar 21 ga watan bankin ya ɗaga adadin zuwa naira 500,000 ga mutum ɗaya da naira miliyan 5 ga kamfani, ya ce ya yi haka ne saboda abin da ya ji daga waɗanda abin ya shafa.

A duka biyun maganar jama'a ta yi aiki. Amma ta yi aiki ne bayan an tayar da hankali, an rikita ciniki, kuma hukuma ta janye abin da ta riga ta shelanta. Hujjojin da aka kawo ba sababbi ba ne. Da an tattara su tun ana rubutu, da an huta da wannan duka.

Darasi daga Amurka

Amurka tana cikin ƙasashen da suka daɗe da tsara wannan al'amari a doka ɗaya. Dokar tafiyar da aikin hukumomi ta 1946 ta wajabta wa hukumomin Tarayya su buga daftarin ƙa'ida a jaridar gwamnati, su ba jama'a damar yin sharhi, sa'an nan su bayyana dalilin abin da suka yanke. Wani lokaci hukuma takan fitar da sanarwar share fage tun kafin daftari, mai ɗauke da tambayoyi kawai. Kotunan ƙasar sun kafa hukunci biyu masu amfani: hukuma ba ta da damar yin biris da sharhi mai nauyi, kuma ƙa'idar ƙarshe ba za ta yi nisa da daftarin da aka nuna wa jama'a ba, sai dai a sake buga sabo. Wannan hukunci na biyu yana ƙara wa matakin farko daraja, domin abin da bai shiga daftari ba da wuya ya shiga ƙa'ida.

A watan Disamba na 1997 Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka ta buga daftarin ƙa'idar da za ta fayyace abincin da ya cancanci tambarin "noman da ba a sa masa sinadari ba". Daftarin bai rufe ƙofa ga abubuwa uku ba: irin shuka da aka sauya wa halitta, da haska abinci da tururin nukiliya domin kashe ƙwayoyin cuta, da takin da aka samo daga dagwalon magudanar birni. Ma'aikatar ta karɓi sharhi fiye da 275,000, kusan duka suna adawa. Ta janye, ta sake buga sabon daftari a watan Maris na 2000, kuma ƙa'idar ƙarshe da ta fito a Disamba na wannan shekara ta haramta abubuwan uku. A nan yawan masu magana shi kansa hujja ne, domin tambari ba shi da amfani idan masu saye ba su yarda da shi ba.

Amma yawa kaɗai ba ya yanke hukunci. A 2017 hukumar sadarwa ta Amurka ta karɓi sharhi fiye da miliyan 22 a kan ƙa'idar da ta hana kamfanonin intanet fifita wasu shafuka a kan wasu. Binciken ofishin Babban Lauyan Jihar New York, wanda aka fitar a 2021, ya gano cewa kusan miliyan 18 daga ciki na jabu ne. Neman ra'ayi ba ƙuri'a ba ce. Hukuma tana auna hujja ne, ba ƙirga hannu ba.

Irin ra'ayin da ke da tasiri

A ɗauka wata hukuma ta fitar da daftari cewa duk mai sarrafa man gyaɗa na sayarwa sai ya kai samfurinsa ɗakin gwaji kowane wata. Takardu biyu suka iso. Ta farko ta ce ƙa'idar zalunci ce, a soke ta. Ta biyu daga wata ƙungiyar mata masu matsar mai ce. Ta faɗi yawan mambobinta, da yawan man da kowace ke matsa a mako, da ribar da take samu. Ta nuna nisan ɗakin gwaji mafi kusa, da kuɗin mota, da kuɗin gwajin. Ta yarda cewa gurɓataccen mai haɗari ne ga lafiya, sa'an nan ta ba da shawarar a yarda ƙungiya ta kai samfuri ɗaya a madadin mambobinta. Takarda ta farko za a ƙirga ta a ajiye. Ta biyu kuwa ta ba jami'i abin da zai iya ɗauka ya kai gaban shugabanninsa.

Saboda haka, mai niyyar ba da ra'ayi ya kiyaye waɗannan:

1. Ya karanta takardar da kansa, ko ya sa a karanta masa, kada ya dogara da ji-ta-ji-ta.
2. Ya faɗi ko shi wane ne, da yadda al'amarin ya shafe shi.
3. Ya ambaci lambar sashe ko tambayar da yake magana a kai.
4. Ya kawo hujja daga abin da ya sani: farashi, nisa, lokaci, rasit, ko lissafin sana'arsa. Kada ya ƙara gishiri, domin ƙarya ɗaya tana zubar da darajar takarda duka.
5. Ya kawo mafita. Wanda ya ce "a yi kaza maimakon kaza" ya fi wanda ya ce "kada a yi" samun kunne.
6. Ya faɗi abin da ya gamsu da shi a cikin daftarin, domin kada wasu su sa a cire shi.
7. Ya aika kafin wa'adi ya cika, ya kuma riƙe kwafi da shaidar aikawa.

Iyakar abin da ra'ayi ke iya yi

Hukuma ba ta iya sauya abin da majalisa ta rubuta a cikin doka. Alal misali, Dokar Masana'antar Man Fetur ita da kanta ta ƙayyade cewa kamfanin haƙar mai zai zuba kashi 3 cikin 100 na kuɗin gudanar da aikinsa na shekarar da ta gabata a asusun raya al'ummar da yake aiki a cikinta. Wanda ya rubuta wa hukuma cewa a mai da shi kashi 10 ya kai kukansa inda ba a iya share masa hawaye; wannan magana ta majalisa ce. Amma yadda za a tafiyar da asusun, da yadda za a ba da rahoton kuɗinsa, da yadda za a sasanta saɓani, a nan ƙa'ida take da faɗi, kuma a nan ra'ayi ke da amfani.

Haka kuma, sauraro ba alkawarin amincewa ba ne. Hukuma tana jin ɓangarori da yawa masu bukatu da suka saɓa wa juna, kuma tilas ta zaɓa. Haƙƙin ɗan ƙasa shi ne a ji shi, a auna hujjarsa da gaskiya.

Kujerar da aka bari ba kowa

Manyan kamfanoni suna da lauyoyi da ma'aikatan da aikinsu ke nan su bi sawun kowace sanarwa. Ba su jiran daftari. Tun ana tunanin abu suke kai nasu bayani. Wannan ba laifi ba ne, haƙƙinsu ne. Illar ita ce idan manomi, da direba, da mai shago, da mai amfani da waya ba su zo ba, to, hukuma za ta ji ɓangare ɗaya ne kurum, kuma da abin da ta ji za ta yi aiki.

Maganin wannan shi ne haɗa kai, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa, da na manoma, da na ma'aikata, da na mata, da na naƙasassu, ya kamata kowace ta naɗa mutum ɗaya ko biyu masu ilmi da za su riƙa duba jaridu da shafukan hukumomin da suka shafi sana'arsu. Idan sanarwa ta fito, a kira taro, a fassara ta cikin harshen da mambobi ke ji, a tattara bayanai, a rubuta takarda ɗaya mai ƙarfi. Kwana 21 ba su da yawa. Ƙungiyar da ba ta shirya tun da wuri ba, wa'adi zai cika tana neman wanda zai rubuta.

Hukumomi su ma akwai nauyi a kansu. Sanarwar da aka buga da Turancin lauyoyi a shafin intanet kaɗai ba ta isa ga mafi yawan jama'a. Ya dace a yi amfani da rediyo da harsunan ƙasa, a kai zaman jin ra'ayi shiyyoyi maimakon Abuja da Legas kaɗai, a nemi shawara tun ana da zaɓi, sa'an nan a buga bayanin abin da aka karɓa da abin da aka ƙi, tare da dalili. Mutumin da ya ga an amsa maganarsa, ko da ba a bi ta ba, zai sake zuwa wani karon.

Kammalawa

Ƙa'idar da aka tsara da shawarar waɗanda za su bi ta ta fi sauƙin aiwatarwa, ta fi ɗorewa, kuma ta fi tsira daga ƙara a kotu. Ribar ta gwamnati ce da jama'a baki ɗaya. Duk ɗan ƙasar da ya ji sanarwar cewa wata hukuma tana neman ra'ayi a kan abin da ya shafi abincinsa, ya sani cewa wannan ita ce ranar gini, kuma ita ce ranar zane. In bango ya bushe, sai dai a zauna da shi yadda yake.

Tambayoyi domin nazari

1. Mene ne bambancin doka da ƙa'ida, kuma wa ke yin kowace?
2. Kawo dalilai uku da suka sa ra'ayin da aka bayar a matakin farko ya fi tasiri.
3. Wane sharaɗi Dokar Sadarwa ta 2003 ta ɗora wa hukumar NCC kafin ta fitar da ƙa'ida?
4. Me ya sa yawan takardu ya yi tasiri a Amurka a 1997, amma bai zama abin dogaro ba a 2017?
5. Wace hukuma ce ke tsara ƙa'idojin sana'ar mai karatu, kuma ta wace hanya take ba da sanarwarta?